Naman ɗakin gwaji: me ya hana shi shiga kasuwa?

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambaya: "Tun 2013 nake jin labarin naman da ake haɗawa a ɗakin gwaji ba tare da an yanka dabba ba. Kullum sai a ce saura shekara biyar ya cika kasuwa. Mene ne gaskiyar lamarin? Kasuwanci ne na gaske da ke tafe, ko kuwa dabarar karɓe kuɗin masu zuba jari ce?"

Malam, tambayarka gida biyu ce, kuma kowane gida da amsarsa. Ana iya yin naman? Ana iyawa. An yi shi, mutane sun ci, hukumomin kula da abinci na ƙasashe da dama sun duba sun ba da izinin sayarwa. Ana iya yin sa da yawa, a farashin da mai sayen kaza zai yarda ya biya? Wannan kam har yau babu kamfanin da ya nuna a aikace. Na yi shekaru ina rainon ƙwayoyin halittar dabbobi a ɗakin gwaji kafin in koma ɓangaren sarrafa abinci, saboda haka ta wannan ƙofar zan shigo maka, domin a can matsalar take, ba a ofishin masu talla ba.

Aikin kansa ba wani sihiri ba ne. Ana ɗebo 'yan ƙwayoyin halitta daga tsokar dabba, ko daga ƙwan da ɗan tsako ya fara samuwa a ciki, a zuba su cikin wani ruwa da aka haɗa da sukari nau'in gulukos, da amino asid, da gishiri iri-iri, da bitamin, da wasu furotin da ke umartar ƙwaya ta rabu biyu. Shi muke kira ruwan raino. A ajiye su a zafin jikin dabba, wajen digiri 37, a riƙa ba su iskar oksijin. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kusan ninki ɗaya a kwana. Idan sun cika ƙaramar kwalba a mayar da su babba, daga nan zuwa tankin ƙarfe. A ƙarshe a sauya haɗin ruwan don su rikiɗe su zama tsoka ko kitse, sannan a tace. Abin da ke fitowa daga tankin bai yi kama da yankan naman da ka sani ba. Wani abu ne mai laushi kamar ƙullu, launinsa fari-fari, ɗanɗanonsa kaɗan.

Wannan ilimi tsoho ne. Tun shekarun 1950 ake rainon ƙwayoyin dabba don yin allurar rigakafin shan inna, kuma tun shekarun 1980 kamfanonin magunguna ke amfani da manyan tankuna wajen samar da magungunan furotin. Sai dai su masu magani ba ƙwayoyin suke sayarwa ba. Ɗan abin da ƙwayoyin suka zubar a cikin ruwan suke tacewa, su sayar da giram ɗaya a kan ɗaruruwa ko dubban daloli, su zubar da ƙwayoyin. Mai naman tanki yana so ne ya ari kayan aikin ɗaya daga cikin masana'antu mafi tsada a duniya, ya yi gasa da ɗaya daga cikin furotin mafi arha a duniya, wato kazar gona. Kazar nan a cikin mako shida take isa yanka, kuma abincin da take ci don ta ƙara kilo ɗaya bai kai kilo biyu ba. Duk sauran bayanin da zan yi maka reshe ne na wannan gaɓa.

Ka dubi abin da dabba ke yi wa makiyayi kyauta. Tana da ciki da hanji da ke narkar da ɗanyen hatsi ko ciyawa su zama amino asid. Tana da huhu da jini da ke kai oksijin ga kowace ƙwaya. Tana da hanta da ƙoda da ke kwashe dattin da ƙwayoyi ke fitarwa. Tana da fata da garkuwar jiki da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta dare da rana. Tana ɗumama kanta. Da zarar ka raba ƙwayar da jikin, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya dawo wuyanka, kuma da kuɗi za ka saye shi: da bakin ƙarfe, da wutar lantarki, da tururi, da matata, da albashin injiniya.

Garkuwar jiki ce ta fi ba ni tsoro, domin na ɗanɗana rashinta. Ruwan raino ɗumi gare shi, ga sukari, ga furotin. Babu abin da bakteriya ke so kamarsa. Ƙwayar dabba tana buƙatar kwana guda kafin ta rabu biyu, bakteriya kuwa minti ashirin ya ishe ta. Lissafa da kanka: guda ɗaya tak da ta kutsa, cikin awa takwas ta haura miliyan 16, alhali ƙwayar dabbar ba ta ma gama rabuwar farko ba. Na taɓa barin kwalabena da yamma ruwansu ja garau, na dawo da safe na tarar ya koma rawaya ya yi duhu kamar ruwan kwata. Aikin mako biyar ya tafi a dare ɗaya, kuma har yau ban san ta inda ta shiga ba. Wannan kwalbar rabin lita ce. Ka ɗauka tankin lita 20,000 ne, cike da ruwan da aka saya da tsada. Kamfanin magani zai iya shanye irin wannan asara saboda ribarsa mai kauri ce. Mai sayar da abu a kan 'yan daloli kowane kilo ba zai iya ba. Ga shi kuma ba za a magance ta da zuba maganin kashe bakteriya ba, domin ɗaya daga cikin abubuwan da ake tallata naman da shi shi ne babu irin wannan magani a cikinsa. Ƙwayoyin bairos kuwa sun fi bakteriya ƙanƙanta, matatar da ta tare wannan ba lallai ta tare wancan ba.

Sai girman tanki. Masu yisti suna da tankuna na lita dubu ɗari-ɗari, saboda yisti yana da bango mai tauri, yana jure juyi da bugun kumfa. Ƙwayar dabba ba ta da wannan bango. Ka juya ruwan da ƙarfi ta fashe, ka juya a hankali oksijin bai kai ko'ina ba, iskar kabon da amoniya da sinadarin laktet kuma su taru su shaƙe ta. Shi ya sa manyan tankunan da masana'antar magani ke rainon ƙwayoyin dabba a ciki suka tsaya a wajen lita 20,000 zuwa 25,000. Ba rashin kuɗi ya tsayar da su a nan ba. A 2021 kamfanin ba da shawara na McKinsey ya ƙiyasta cewa kafin naman tanki ya kama kashi 1 cikin 100 na kasuwa, ana buƙatar tankuna masu jimillar lita miliyan 220 zuwa 440, alhali duk abin da masana'antar magani ta mallaka a duniya bai wuce lita miliyan 10 zuwa 20 ba. Kashi ɗaya kawai fa.

A kan ruwan raino ne aka fi samun ci gaba na gaskiya, kuma adalci ne in faɗa. Da farko ana haɗa shi ne da ruwan jinin ɗan tayin saniya, wanda ake samu a mayanka idan an yanka saniya mai ciki. Lita ɗaya ɗaruruwan daloli, ga shi kuma ya rushe da'awar cewa ba a taɓa dabba ba. Kamfanin Mosa Meat na ƙasar Holan da wasu da dama sun riga sun daina amfani da shi. Furotin ɗin da ke sa ƙwaya ta rabu, irin su insulin da transferrin da wanda ake kira FGF2, yanzu bakteriya ko yisti ake sa wa su samar da su, farashinsu kuma ya sauko ƙwarai. A 2024 Yaakov Nahmias na Jami'ar Hebrew da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da ruwan rainon da suka ce lita ɗaya senti 63 ne, suka kuma yi hasashen cewa a babbar masana'anta za a iya fitar da kaza a kan dala 6.20 kowane laba, wato kusan dala 14 kilo. Amma ka lura, hasashe ne da aka ɗora a kan ƙaramin tanki. Sannan ko da furotin masu tsadar nan sun zama kyauta, amino asid suna nan, su ne tubalin naman kansa, kuma babu yadda za ka sami kilo na furotin ba ka zuba kilo na tubali ba. Yawancinsu a yau kaɗan-kaɗan ake yin su, da tsabtar magani da farashin magani. Masana'antar da za ta samar da su tan-tan da arha ita ma sai an gina ta.

Akwai ƙiyasi biyu da duk wanda ke cikin harkar ya san su, kuma sun yi hannun riga. Na farko na wani injiniya ne, David Humbird, wanda gidauniyar Open Philanthropy ta ɗauki nauyin aikinsa, aka wallafa a 2021. Ya lissafa babbar masana'anta tun daga tanki har albashi, ya sami dala 37 kowane kilo a wata hanya, dala 51 a wata, kuma wannan ɗanyen ƙullun ƙwayoyi ne kafin a sarrafa shi, kafin riba. Na biyu na cibiyar CE Delft ce ta Holan, wadda ƙungiyar Good Food Institute mai goyon bayan harkar ta ba aikin. Ita ta ce zuwa 2030 ana iya saukowa kusa da dala 6. Bambancin ya fito ne daga abin da kowa ya ɗauka a matsayin tabbas. Ni na fi karkata ga Humbird, ba don ina son mummunan labari ba, sai don shi ya sa kuɗin tsabtace ɗaki da iyakar girman tanki yadda na san su. Amma bari mu ɗauki lissafin masu kyakkyawan zato ɗin ma. Sun ce masana'anta mai fitar da tan 10,000 a shekara za ta ci wajen dala miliyan 450. Duniya tana samar da nama fiye da tan miliyan 350 a shekara. Kashi ɗaya cikin ɗari tan miliyan uku da rabi ke nan, wato irin wannan masana'anta guda 350, wato fiye da dala biliyan 150. Duk jarin da aka zuba a harkar tun farkonta bai wuce wajen dala biliyan 3 ba.

Ban ma taɓo maganar siffa ba. Oksijin ba ya ratsa tsoka fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita idan babu jijiyar jini, saboda haka duk wani yanki mai kauri cikinsa mutuwa yake yi. Yin niƙaƙƙen nama abu ne, yin tsoka mai zare da kitse a tsakani wani abu ne daban. A 2023 mujallar Wired ta ruwaito cewa yankan kazar da kamfanin Upside Foods ke kai wa gidan abinci ba daga manyan tankunan da ake nuna wa baƙi yake fitowa ba, daga ƙananan kwalabe ne masu lita biyu da ake juyawa, ma'aikata su kankaro siraran shimfiɗu da hannu. Wannan labari bai ba duk wanda ya taɓa riƙe irin kwalbar mamaki ba.

To, me aka sayar zuwa yanzu? A watan Agustan 2013 Mark Post na Jami'ar Maastricht ya gabatar da curin niƙaƙƙen naman sa na farko a Landan, wanda aka haɗa daga zaruruwan tsoka wajen 20,000, ya ci kusan yuro 250,000, kuma Sergey Brin na Google ne ya biya. A Disambar 2020 Singafo ta zama ƙasa ta farko da ta ba da izinin sayarwa, ga kazar kamfanin Eat Just. A Yunin 2023 Amurka ta bi sahu, ga Upside Foods da Good Meat, reshen Eat Just. Gidajen abinci biyu ne suka riƙa sayarwa, ɗaya a San Francisco ɗaya a Washington, 'yan loma kaɗan ga 'yan mutane kaɗan, kuma ba a daɗe ba duka biyun suka daina. Isra'ila ta amince da naman sa na Aleph Farms a Janairun 2024. Abin da ya fi komai bayyana halin da ake ciki shi ne kayan da Good Meat ya sa a wani kantin nama a Singafo a Mayun 2024, karo na farko da mutum zai saya ya kai gida: kashi 3 cikin 100 ne ƙwayoyin kaza, sauran furotin ɗin tsirrai ne da kayan ɗanɗano. Idan ka ji an ce "an amince da shi a ƙasa kaza", ka tuna izini takarda ce da ke cewa abin ba ya cutarwa. Ba ta cewa akwai shi.

Game da zarginka na yaudara, ba zan kira shi haka ba, amma an yi wa rogo kallon kitse. A 2021, lokacin da kuɗin ruwa ya yi ƙasa a duniya, masu jari suka zuba fiye da dala biliyan ɗaya a shekara guda. Future Meat, wanda ya koma Believer Meats, ya tara dala miliyan 347 a ƙarshen shekarar. Upside ya tara miliyan 400 a Afrilun 2022. Zuwa 2023 jimillar ta faɗo ƙasa da miliyan 250, a 2024 ta ƙara faɗuwa. Upside ya dakatar da babbar masana'antar da ya yi niyyar ginawa a jihar Illinois, SCiFi Foods ya rufe a 2024, Believer kuwa ya gina masana'anta a North Carolina, ya sami izinin hukuma, sannan ya daina aiki a ƙarshen 2025. Kuskuren asali shi ne an kawo irin jarin da ya saba da manhajar kwamfuta, inda kwafi na miliyan bai fi kwafi na farko tsada ba, aka zuba shi a harkar ƙarfe da bututu. Mai irin wannan jari yana son ya ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu cikin shekara bakwai zuwa goma. Shugaban kamfanin da ya ce masa "shekara talatin, wataƙila" ba zai sami sisi ba. Daga nan "saura shekara biyar" ɗin da kake ji ta samo asali.

Za a ce maka ai farantan sola ma da tsada suka fara. Gaskiya ne, kuma faɗuwar farashin naman nan daga yuro 250,000 zuwa inda yake yau ba ƙarami ba ne. Sai dai saukowa daga dubu ɗari zuwa ɗari ya fi sauƙi a kan saukowa daga hamsin zuwa biyar. Na farko daina yin abu da hannu ne kawai. Na biyu karo ne da iyakokin da halittar ƙwayar ta gindaya: saurin rabuwarta, yawan da za su iya cunkushewa a lita ɗaya, dattin da suke iya jurewa. Wutar sola kuma da ta gawayi duk ɗaya ce a wurin mai kunna fitila, ba ruwansa da inda ta fito. Abinci ba haka yake ba. Masu naman tsirrai sun koyi wannan: hannun jarin kamfanin Beyond Meat ya fara a dala 25 a Mayun 2019, ya haura 200 cikin wata uku, daga baya ya rushe, domin mutane sun gwada sau ɗaya ba su dawo ba. A Amurka irin wannan nama ya maƙale a wajen kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin nama a kantuna.

Siyasa ma ta shigo tun kafin kayan su iso. Italiya ta haramta yi da sayarwa a Nuwambar 2023, da tarar da ta kai yuro 60,000. Jihohin Florida da Alabama sun yi nasu a Mayun 2024, wasu jihohin suka biyo a 2025, har da Texas. Dalilin da ake bayarwa kare makiyaya ne da al'adar abinci. Abin dariyar shi ne ana haramta abin da duk wanda aka yi a duniya a shekara bai kai abin da matsakaiciyar mayanka ɗaya ke fitarwa a yini ba. A Tarayyar Turai sai an bi ta dokar sabbin nau'o'in abinci, wadda ke ɗaukar shekara ɗaya da rabi a takarda, fiye da haka a zahiri. Kamfanin Gourmey na Faransa ne ya fara miƙa takardunsa a Yulin 2024. Ta fuskar lafiya, hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da rahoto a Afrilun 2023, suka lissafa haɗura 53 da ka iya tasowa, suka kuma nuna cewa yawancinsu irin waɗanda aka sani ne a sauran abinci: gurɓata, saura-sauran sinadarai, da abin da jikin wasu ba ya karɓa.

Akwai wata gaɓa da kamfanonin suka makara wajen ganewa, ita ce ta halal, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya Musulmi ne. Babban tallan harkar shi ne an ɗebi ƙwayoyin daga dabba tana raye, ta ci gaba da kiwonta. To ga hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa abin da aka yanke daga jikin dabba tana raye mushe ne. Wato abin da suke alfahari da shi, shi ne ainihin abin da ke hana naman halatta. A Satumbar 2023 Good Meat ya nemi ra'ayin wasu malamai uku a Saudiyya, a Fabrairun 2024 kuma majalisar addinin Musulunci ta Singafo ta fitar da fatawa, duka a kan turba ɗaya: ya halatta idan ƙwayoyin daga dabbar da ake ci ne, an yanka ta yankan Musulunci, babu jini ko wani haram a ruwan raino, kuma ba ya cutarwa. Good Meat da kansa ya yarda cewa kazarsa ta lokacin ba ta cika sharuɗɗan ba. A ido gyaran ƙarami ne, dabba ɗaya za a yanka. Amma kamfanin da ya shafe shekaru yana horar da zuriyar ƙwayoyinsa har suka saba da tanki, ya kuma sami izinin hukuma a kan wannan zuriyar, komawa farko zai yi. Ni ba malami ba ne, ta fuskar kasuwanci kawai nake magana. Wanda ya fara da kifi ya huta da yawancin wannan.

Batun muhalli ba zan ja shi ba. Ƙasar noma da kiwo za ta ragu sosai, wannan babu gardama. Hayaƙi mai ɗumama duniya kuwa ya danganta da inda wutar ta fito da kuma irin tacewar da aka yi wa ruwan raino. Wani nazari na Jami'ar California da ke Davis a 2023 ya ce idan aka ci gaba da tacewa irin ta magani, hayaƙin zai iya ninka na naman sa sau 4 zuwa 25. Masu goyon baya suka ce ba za a buƙaci wannan tacewar ba. Da wuta mai tsabta hayaƙinsa zai yi ƙasa da na naman sa. Da kaza kuwa, kusan kunnen doki ne.

Inda nake ganin kasuwancin zai tsaya da ƙafarsa wuri ne mafi ƙanƙanta a kan wanda aka yi alkawari, kuma kamfanonin da suka rage sun riga sun karkata can. Na farko kitse. Yawancin ƙamshi da ɗanɗanon nama a kitse yake, ƙwayoyinsa ba sa buƙatar a jera su zare-zare, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya gyara kayan da aka yi da furotin ɗin tsirrai. Shi ya sa Mosa Meat, kamfanin su Mark Post da suka fara da curin nama, da kitsen sa suka nemi izinin Turai a Janairun 2025. Idan ƙwayoyinka dala 40 ne kilo amma kashi 5 kawai ka zuba, dala biyu ka ƙara a kan kilo, kuma wannan lissafi ne da ɗan kasuwa zai iya zama a kai. Na biyu kayan alatu da tun asali tsada gare su: kamfanin Vow na Ostireliya ya shiga gidajen abincin Singafo a 2024 da wani haɗi daga ƙwayoyin tsuntsu ɗan dangin makwarwa, Wildtype kuma ya sami amincewar Amurka a 2025 a kan kifin salmon da ake ci ɗanye. Ba da kazar gona suke gasa ba. Na uku abincin karnuka da kyanwoyi, inda siffa ba ta da muhimmanci. Birtaniya ta ba kamfanin Meatly izini a Yulin 2024, kayansa suka fito a Fabrairun 2025. Akwai kuma masu sayar wa harkar kayan aiki, ruwan raino da furotin masu arha, waɗanda ko naman bai yi kasuwa ba masu magani za su saya. Idan da kuɗina ne, su zan fara dubawa.

Saboda haka idan ka sake ganin sanarwar wani kamfani, kada ka tsaya a kan hoton faranti ko sunan ƙasar da ta ba da izini. Nemi kilo nawa suka sayar bara, ba nawa masana'antar "za ta iya" fitarwa ba. Nemi girman tankin da kayan suka fito daga ciki, da kashi nawa na abin da ke cikin fakitin ƙwayoyi ne. Idan sun faɗi farashi, duba ko da kuɗin gini da na wuta da na tankunan da suka lalace a ciki, ko kuwa kuɗin ruwan raino kaɗai aka lissafa. Sau nawa tanki ke gurɓacewa cikin goma, wannan adadi ne da kusan babu mai bugawa. Ni abin da zai sa in sauya ra'ayi shi ne in ga tanki mai lita 20,000 ko fiye yana aiki wata da watanni a ɗaki irin na masana'antar abinci, ba na magani ba, da ruwan raino na ƙasa da dala ɗaya, kuma wani na waje da ba shi da hannun jari a kamfanin ya duba littattafan ya sa hannu.